Baffa Ajimi da Tayoyin da Ya Ƙi Ɗaurawa

"Ba zan ɗaura su ba."

Haka Baffa Ajimi ya ce, bai ko ɗaga murya ba, a farfajiyar gidan likita na Rijiyar Kolo, gaban maigari da liman da 'yan kwamiti da matan da suka zo awon ciki suka tsaya kallo. A gabansa an jera tayoyi biyar masu faɗi, kowace a kan janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, na alminiyam, an wanke su an shafe su da mai sai ɗaukar ido suke yi. Kyauta ce daga Alhaji Souleymane, ɗan garin da ke kasuwanci a Kano, ya kawo wa motar da ke ɗaukar marasa lafiya. Mainassara, shugaban kwamitin gidan likita, shi ya ba da umarni a ɗaura su nan take, a ɗauki hoto kafin Alhaji ya koma.

Ina wurin. Sunana Ummul Khairi, ni ce ungozomar gidan likitan, daga Damagaram aka turo ni shekara huɗu da suka wuce. Kuma ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin kunya na ji masa. Yanzu shekara biyu ke nan da faruwar abin. Watan jiya takardar barinsa aiki ta fito. Ba a yi masa taro ba, ba a raba goro ba, ba wanda ya miƙe ya ce masa sannu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, wanda zai ji haushi ya ji.

Wanda bai san hanyarmu ba ba zai gane rigimar ba. Rijiyar Kolo tana can bayan Dogo-Dogo, kuma abin da muke kira hanya sawu biyu ne da amalanken shanu suka haƙa cikin rairayi, suna ratsa gonakin hatsi. A gefen kowane sawu akwai kututturen kaba da tushiyar hatsin bara, masu kaifi kamar an wasa su. Motarmu tsohuwar katkat ce fara, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta zo daga Turai ta Kwatano tun tana da shekarunta, wani firoje na ayyukan taimako ya yi aiki da ita ya tafi ya bar mana. Shekara goma sha tara Baffa Ajimi yana jan ta.

Kullum in ya fito daga sallar asuba, ba ya komawa gida. Ba wanda ke jiransa a can: matarsa Hamida ta rasu tun kafin in zo, 'ya'yansa biyu suna Agadas. Sai ya wuce wurin motar da wani ɗan guntun ƙarfe a hannu. Ya buga wa kowace taya sau biyu, ya karkata kai ya saurara. Daga nan ya tsuguna da basilla yana ciro ƙayar aduwa ɗaya bayan ɗaya, yana tarawa a gwangwanin madara. Sai ya gama yake shan kokonsa, shi kaɗai, a kan matakin motar. A watannina na farko, lokacin da ba ni da kowa a garin kuma ba mai shigowa ɗakina sai da ciwo, ƙarar ƙarfen nan ce ke gaya mini gari ya waye kuma akwai wani mutum a kusa.

A bayan kujerarsa akwai wani dogon kara da ba wanda ke taɓawa. Tsawonsa daidai faɗin sawun amalanke ne, daga wancan rami zuwa wannan, kuma ya yi masa tsaga biyu da wuƙa a kowane gefe, inda taya za ta zauna. Duk lokacin da za a sayi taya, ba ya aike. Da kansa yake zuwa Magariya, da karansa. Masu sayar da taya sun san shi, har suna cewa ga mai awon gona ya iso. Zai luma farce cikin robar, ya tanƙwara bakinta ya duba ko ta tsattsage, ya zura hannu ciki ya shafa ko'ina, ya shinshina. Bai yi lakwal ba, wato boko, amma lambar girman tayarsa a bakinsa take, da Faransanci: "set sankant, sez." Siririya, doguwa, mai kaurin gefe, mai tub a ciki, a kan jantin ƙarfe mai zobe. In ta huje a daji, a kwance zoben a yi faci a wuce. In jantin ya lanƙwashe, a sa guduma.

Na taɓa ce masa, da ilimina na makaranta, ai taya mai faɗi ta fi tafiya cikin rairayi.

Ya ce, "A hamada haka ne, 'yata. Nan ba hamada ba ce, gonar mutane ce. Taya in ka rage mata iska, tsawo take ƙarawa a ƙasa, shi ke ɗaukar mota. Faɗi kuwa, kaba yake nema."

Manoman da ke kan hanyar su ne shaidunsa. Wani dattijo ya ce mini, a shekara goma sha tara motar likita ba ta taɓa take masa shuka ko guda ba, alhali masu babur kullum sai sun yi masa ɓarna. Wata mata ta ce ranar da aka ɗauke ta tana zubar da jini, sau uku Baffa ya tsaya ya rage iska, sau uku ya mayar da ita da famfon hannu, yana bugawa yana ce mata, "Saura kaɗan, uwar gida, kada ki yi barci, ba ki biya ni tukwici ba." Ta ce dariyar da ta yi ce ta hana ta suma.

Shi da Alhaji Souleymane tare suka tashi, tare aka yi musu kaciya. Baffa Babarbare ne, uwar Alhaji kuwa Bafulatana ce, saboda haka wasa ke tsakaninsu. Duk zuwan da Alhaji zai yi gari, kafin ya sauka daga mota za ka ji shi: "Ina bawan nan nawa? A ce ya zo ya ɗauki jakata!" Baffa kuma ya amsa, "Ku ɓoye nono, ɗan Fulani ya shigo!" Daga nan sai ka gan su a zaure, hannu cikin akushi ɗaya. Na tabbata a duk garin wannan akushin ne kaɗai Baffa ke ci da wani.

To, mu koma ranar tayoyin. Da Baffa ya ce ba zai ɗaura ba, Alhaji dariya ya yi.

"Kai Babarbare, baƙin ciki ne? Tun da uwarka ta haife ka ka taɓa ganin taya irin wannan?"

"Ɗan Fulani, kai saniya ka sani. Bar mini taya."

Jama'a suka yi dariya. Baffa ya matso kusa da shi ya rage murya. "Alhaji, mu keɓe, magana biyu ce."

Mainassara ya shiga tsakani. "Ba inda za a keɓe. Kyauta a fili aka yi ta. In kana da magana, faɗe ta nan."

"Shugaba, ka bari mu keɓe."

"Na ce nan. Ko ka ɗaura."

Wani ɗan kwamiti ya raɗa wa Baffa, ina ji, cewa ya ɗaura kawai a ɗauki hoto, in Alhaji ya tafi ya kwance abinsa. Baffa ya dube shi ya ce, "In aka kira mu da azahar fa? Kuma ai na ji kun yi wa maƙerin amalanke alkawarin tsofaffin."

Sai ya je ya ɗauko karansa. Ya shimfiɗa shi ƙasa, ya mirgino sabuwar taya ya tsayar da ita inda za ta zauna in an ɗaura. Ta wuce tsagar da faɗin tafin hannu. Ya ce wannan tafin hannun a kan kaba zai riƙa tafiya. Ya ƙwanƙwasa jantin, ya ce wannan ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi kamar tukunya. Sannan ya sa yatsa kan wani ɗan zane a gefen tayar, dutse mai kai uku da ɗan tauraro a ciki.

"Wannan ba ta ƙasar zafi ba ce. Ta ƙanƙara ce. Turawa sun gama da ita suka turo. Zanen gindinta yana da zurfi, shi ya sa ta yi maka kyau, amma robar laushi gare ta, bazara za ta cinye ta. Alhaji, wanda ya sayar maka ya cuce ka."

Wani daga baya ya yi dariya. Mutum ɗaya ne, kuma gajeruwar dariya ce, amma kowa ya ji. Alhaji ɗan kasuwa ne, da sanin kaya ya yi suna, kuma da kyakkyawar niyya ya sayo su. Na ga fuskarsa ta canja. Shekara sittin suna zagin juna ba wanda ya taɓa jin zafi, don duk zagin ƙarya ne. Wannan kuwa gaskiya ce, a gaban garinsu. Ya gyara babbar rigarsa, ya ce, "To, madalla," ya shiga motarsa. Ba a ɗauki hoto ba.

Bayan kwana uku kwamiti ya zauna. Kafin nan na je na duba tayoyin da kaina, don na karanta cewa kowace taya tana ɗauke da lamba huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Shekararsu goma sha ɗaya. Na miƙe a zaman na faɗi haka. Mainassara ya ce, "Madam, aikinki karɓar haihuwa ne. Wannan maganar manya ce." Na ce masa matan da nake karɓa a kan tayoyin nan za su kwanta, ni ma haka. Ba wanda ya goya mini baya, har waɗanda na san sun yarda da Baffa a zuciyarsu. Suka karɓi makulli daga hannunsa, suka ce daga yau sharar farfajiya da ɗebo ruwa ne aikinsa, har shekarunsa su cika.

Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar masa tsofaffin jantuna da tayoyinsu, kada a kai wa maƙeri. Mainassara ya ce, "Kwashi tarkacenka." Ya ɗora su a amalanken jakinsa ya kai gida, ya jera su a ɗakin marigayiya Hamida.

Wata biyar ina ganinsa da tsintsiya. Mutumin da ya san kowane kututture daga nan zuwa Dungass, yana tara ganyen bedi, wato dogon yaro, a kwando. Majalisar da yake zama bayan la'asar ta koma ƙofar gidan Mainassara, kuma ba a ce masa ya biyo ba. Mutane suna cewa ya kunyata mai alheri, ya kusa jawo wa gari asara. A masallaci sai a gaishe shi da sauri a wuce. Ƙarar ƙarfen asuba ta daina. Ban san na dogara da ita haka ba sai da na rasa ta.

Sabon direba, Nassirou, mutumin Mallawa ne, mai hankali, amma a kwalta ya koyi tuƙi. Ba shi da laifi. Ya ɗaura abin da aka ce ya ɗaura.

Cikin watan Agusta, da hantsi, aka kira mu wani ƙauye. Fadi, ciki na biyar, ɗan ya kwanta a gicciye, aikin da ya fi ƙarfina. Sai an kai ta Magariya an yi mata tiyata. Mun ɗauko ta mun wuce garinmu da kamar kilomita shida, sai na ji ƙara kamar an yage zane. Kaba ta tsaga gefen tayar gaba, tsagar da ba ta facuwa. Nassirou ya sa ta ajiya. Ba mu yi kilomita ɗaya ba ta baya ta tafi, motar ta faɗa kan wata saiwa, jantin ya dare biyu. Rana tsaka, hatsi ya fi mota tsawo dama da hagu, ba kowa. Mijin Fadi yana ta salati. Ita kuwa ta daina nishi da ƙarfi, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Ban kira shugaban kwamiti ba. Baffa na kira.

"Baffa, muna wajen gawo biyu. Taya biyu sun tafi."

"Macen fa?"

"Tana numfashi."

"Ki jiƙa mata baki. Ga ni nan."

Bai ce ai na faɗa muku ba, a lokacin ko daga baya. Awa ɗaya da 'yan mintoci sai ga amalanken jaki, shi yana gudu a ƙasa kusa da jakin don ya rage masa nauyi, dattijo mai shekara sittin da wani abu. A kan amalanken tayoyi biyar, kowace cike da iska. Ashe duk watannin nan, kowace Juma'a sai ya shiga ɗakin Hamida ya buga su da ƙarfensa, wadda ta yi sanyi ya ƙara mata.

Nassirou ya ce a canja biyun da suka lalace kawai, a tafi. Baffa ya ce a'a, tsayinsu ba ɗaya ba ne, in aka gauraya, giyar ƙarfi za ta ci kanta kafin Dungass. Duk huɗun suka canja, shi da Nassirou da mijin Fadi, kirik ɗin ɗaga mota yana nutsewa cikin rairayi Baffa yana tallafe shi da murfin bayan amalanke. Da aka gama, Nassirou ya miƙa masa makulli da hannu biyu.

"Baffa, don Allah ka ja."

Ya dubi makullin, ya dubi Fadi. Ya ɗaure jakin a gindin gawo, ya shiga. Ban taɓa ganin mota ta bi sawu kamar ranar ba, ko kara ɗaya ba ta taɓa ba. An yi wa Fadi aiki kafin la'asar. Ta rayu, 'yarta ta rayu, yanzu har tana tafiya. A ƙofar asibiti Baffa ya kashe mota, ya mayar wa Nassirou makulli, ya ce, "Kai aka ba." A dawowa a baya ya zauna, kan bencin masu jinya.

Na ɗauka shi ke nan, za a mayar masa da motarsa. Bayan mako ɗaya Mainassara ya kira ni gefe, ya ce in je in tambayo "tsohon nan" lambar tayar da ta dace, za a sayi sababbi, amma kada in ce kwamiti ne ya aiko. Na ce masa ni ba na ɗaukar saƙo mara mai shi, zan faɗa. Na kuma tambaye shi makulli fa? Ya ce, "Madam, in muka mayar masa, mun ce Alhaji ya yi kuskure ke nan. Kuma Alhaji ne zai gina mana ɗakin haihuwa."

Na je na gaya wa Baffa duka, ban rage komai ba. Na so ya ƙi. Wallahi na so ya ce su je su tambayi Alhajinsu. Sai ya shiga ɗaki ya fito da karan awon nan ya ba ni.

"Kai wa Nassirou. Set sankant, sez, mai tub. Ya zura hannu ciki, kada ya yarda da ido. In ya ga dutse da tauraro, ya gudu."

"Baffa, bayan abin da suka yi maka?"

"'Yata, su ne za su kwanta a bayan motar?"

Baffa, kai ne ka koya mini cewa sanin aiki nauyi ne, wanda ya sani ba shi da damar yin shiru don a ji daɗinsa. Kai ne ka nemi a keɓe har sau biyu don ka rufa wa abokinka asiri, aka hana ka, sannan aka ce kai ka tona. Kai ne ka riƙa ba tayoyi iska wata biyar a ɗakin da ba kowa, don motar da aka raba ka da ita. Ajimi na Hamida, mai karan awo. Na yi shekara goma sha shida a aji, ban ga malamin da ya kai ka ba. Na gode. Fadi ta gode, ta ce in rubuta sunanta. Matan da ka ɗauka cikin shekara goma sha tara, waɗanda ba wanda ya ƙirga, sun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya jiƙan Hamida.

Ku kuma direbobi da makanikai da ma'aikatan likita irina, duk wanda aka ba amanar abin da ran wani zai hau kai, in an kawo muku abu mai ƙyalli, ku zura hannu ciki. In bai dace ba ku faɗa, da ladabi, a keɓe in an bar ku, a fili in an tilasta ku. Amma ba zan yaudare ku in ce za a gode muku ba.

Yanzu Baffa yana gindin bedi a bakin hanya, yana yi wa babura da amalanke faci. Motar tana tafiya a kan tayoyin da ya zaɓa. In za mu fita, Nassirou yakan rage gudu a gabansa, Baffa ya taso da guntun ƙarfensa ya buga wa kowace sau biyu, ya ɗaga mana hannu, mu wuce mu bar shi nan. An gama ɗakin haihuwa, yana da kyau, sunan Alhaji na jikin bango, kuma ya cancanta.

Da Sallar da ta wuce Alhaji ya zo gari. Motarsa ta tsaya a gindin bedin, ya sauke gilashi. Na ga Baffa ya miƙe da sauri yana goge hannu a riga, bakinsa har ya fara shirin maganar nono.

Alhaji ya ce, "Malam Ajimi, barka da Sallah. Ina fatan ana lafiya."

"Lafiya lau, Alhaji."

Gilashi ya hau, mota ta wuce. Baffa ya koma ya zauna, ya ɗauki tub ɗin da yake gogewa. Can ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba, "Shekara sittin yana ce mini bawa. Yau ya ce mini Malam."

Abin da kalma biyar ta ranar nan ta ci masa ke nan: motar da ya ja shekara goma sha tara, da wurin zamansa cikin mutane, da mutum ɗaya tak da yake cin tuwo da shi. Ba a mayar masa da ko ɗaya ba. Na tambaye shi ko da za a maimaita ranar zai ɗaura. Ya ce a'a, ya ci gaba da facinsa.